Yadda Ake Zaɓar Na'urar Auna Yanayi Mai Bluetooth Domin Harbin Nesa

Duk wanda ya taɓa kwanciya a filin harbi a nan Sakkwato cikin watan Afrilu ya san cewa bindigar da ta yi masa biyayya da sanyin safiya tana iya juya masa baya kafin azahar, alhali bai taɓa madubinta ba, harsashin kuma daga kwali ɗaya ya fito. Ba bindigar ce ta canza ba, iskar da harsashi ke ketawa ce ta canza. Na daɗe ina koyar da masu shiga gasar harbin saiti, kuma tambayar da ta fi zo mini bayan ta madubin hange ita ce wace na'urar auna yanayi ya kamata mutum ya saya.

Kafin komai, wannan bayani na wanda doka ta ba izinin riƙe bindiga ne, wanda kuma yake atisaye a filin harbi da hukuma ta amince da shi. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sanya bindigar wasanni da bindigar iska cikin rukunin da sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda ake mallakarsu, bindigogin soja kuwa an haramta su ga farar hula. Wanda ba shi da wannan takarda ba shi da abin da zai yi da sauran bayanin.

Abubuwan da za ka tanada

- Wayar hannu mai Bluetooth, wadda batirinta ke kai yini.
- Manhajar lissafin tafiyar harsashi, idan na'urar da za ka saya ba ta da nata lissafin a ciki.
- Bayanin harsashinka: nauyinsa, gudunsa daga bakin bindiga, da lambar da kamfani ya bayar ta yadda yake keta iska, wadda ake rubutawa BC a jikin kwali.
- Littafin rubutu mai kauri da fensir. Biro na daskarewa da ƙura, wani lokaci kuma zafi ya sa ya yi amai a aljihu.
- Ƙafa uku ta ɗora kyamara, ko da ta hannu ce.
- Batir na ajiya, da ƙaramar jaka mai zik.
- Gishirin girki da kwalba mai murfi, domin gwajin da zan bayyana a mataki na shida.

Mataki na 1: Ka san nisan da kake harbi

Mutane da yawa suna fara tambayar farashi kafin su tambayi kansu wannan. Idan filin da kake zuwa bai wuce mita 300 ba, sauyin zafi da nauyin iska ba za su kawar da harsashinka daga allo ba, kuma abin da kake buƙata bai wuce ma'aunin gudun iska mai sauƙi ba. Daga mita 500 ne abin ke fara bayyana, idan aka doshi 800 kuwa, kuskure kaɗan a lissafin yanayi ya isa ya sa ka wuni kana zargin hannunka. Saboda haka ka rubuta nisa mafi tsawo da kake harbi a yanzu, ka ƙara wanda kake sa ran kaiwa nan da shekara biyu, sannan ka yi sayayya da wannan adadin a ranka.

Mataki na 2: Ka duba abin da na'urar ke aunawa

Abu huɗu ne suka shafe ka: zafi, nauyin iska, laima, da gudun iska tare da inda ta fito. Uku na farko su ne ke haɗuwa su ba da abin da nake kira kaurin iska. Iska mai kauri tana riƙe harsashi, gudunsa ya ragu da wuri, ya faɗi ƙasa da inda aka nufa. Iska marar kauri kuma tana sakar masa hanya, ya sauka sama.

Ga yadda abin yake a garinmu. Sakkwato tana kusan mita 300 sama da teku, don haka nauyin iska a nan yakan tsaya tsakanin 975 da 980 a ma'aunin hPa, maimakon 1013 da littattafai ke ɗauka a bakin teku. Wannan adadi ba ya yawan motsi. Zafi ne ke wasa da mu. Safiyar hunturu tana iya wayewa da digiri 15, azahar ta bazara kuma ta kai 43, kuma tsakanin waɗannan biyun kaurin iska yana raguwa da kusan kashi 9 cikin 100. A irin wannan rana ta bazara, harsashinka yana tafiya ne kamar kana harbi a tudu mai tsayin mita 1,300, wato kamar an ɗauke ka an kai ka Jos, alhali kana kwance a kan jar ƙasar gida.

Laima ita ce mafi ƙarancin tasiri, kuma akasin abin da ake zato take yi, domin iska mai laima ba ta kai busasshiya kauri ba. Kada ka ƙara kuɗi mai yawa saboda ita kaɗai.

Kuskuren da na fi gani wurin masu harbin nesa a wannan mataki shi ne sayen 'yar na'urar nan mai farfela da masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki ke amfani da ita. Tana da araha, tana nuna gudun iska da zafi, amma ba ta da ma'aunin nauyin iska, ba ta kuma da kamfas. Ka karanta jerin abubuwan da aka ce na'ura tana aunawa, idan babu nauyin iska a ciki ka bar ta, komai kyan kwalinta. Kamfas ɗin kuwa shi ne ke ba ta damar raba iskar da ke bugowa daga gefe da wadda ke zuwa ta gaba, kuma ta gefen ce ke karkatar da harsashi.

Mataki na 3: Ka zaɓi iri ɗaya cikin uku

Iri na farko shi ne wanda ba shi da fuska, komai sai a waya ake gani. Misalinsa WEATHERmeter na kamfanin WeatherFlow. Ƙarami ne, yana auna duka abubuwa huɗun, kuma shi ne mafi sauƙin kuɗi cikin waɗanda za a iya dogara da su. Aibinsa ɗaya ne, amma a wurinmu babba ne: idan waya ta mutu, shi ma ya mutu. Wayar da aka ajiye a kan tabarmar harbi da ƙarfe ɗaya na rana ba ta jimawa take rage haske, daga nan ta rubuta cewa ta yi zafi ta kashe kanta.

Iri na biyu yana da fuskarsa, yana kuma aika wa waya abin da ya auna, amma lissafin harsashi a manhaja ake yin sa. Kestrel 5500 na kamfanin Nielsen-Kellerman da ke jihar Fensilbeniya a Amurka yana cikin wannan rukuni. Idan waya ta gaza, kana iya karanta adadin da idonka ka duba jadawalin da ka rubuta a littafi.

Iri na uku yana ɗauke da lissafin a cikinsa, kamar Kestrel 5700. Kana shigar da bayanin bindiga da harsashi sau ɗaya, ka ba shi nisa, ya faɗa maka yawan abin da za ka murɗa a madubi. Ƙaramin samfurinsa yana riƙe bayanin bindiga uku, babban kuwa, wanda ake kira Elite mai amfani da lissafin Applied Ballistics, yana riƙe talatin, kuma kuɗinsa ya ninka na iri na farko sau da yawa. Akwai kuma wanda aka haɗa da lissafin 4DOF na kamfanin Hornady.

A ganina, wanda ke harbi a ƙasa mai zafi irin tamu ya nemi na'ura mai fuskarta, ko da zai jira wata uku yana tara kuɗi. Babban samfurin kuwa, mai bindiga ɗaya da ke harbin mita 600 ba zai taɓa cin rabin amfaninsa ba, kuma kuɗin da ya ƙara a kai da harsashin atisaye ya saya da ya fi masa.

Akwai wani ɗan ƙarami da ake ratayawa, Kestrel DROP D3, wanda ke auna zafi da laima da nauyin iska amma ba ya auna gudunta. Ga wanda ya riga ya mallaki ma'aunin gudu mai farfela, wannan yana cike masa giɓin.

Mataki na 4: Ka auna ta da zafinmu da ƙurarmu

Waɗanda suka ƙera waɗannan na'urori sun fi damuwa da ruwa da ƙanƙara, mu kuwa ƙura da rana ne matsalarmu. Ka nemi wadda aka rubuta mata IP67. Lamba 6 tana nufin ƙura ba ta shiga cikinta, 7 kuma tana nufin za ta jure faɗawa ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin awa.

Sai dai farfelar a waje take, kuma hazon hunturu gari ne mai laushi da ke shiga ko'ina. Farfelar da ta sha ƙura tana yin nauyi, ta riƙa nuna gudu ƙasa da na gaskiya, musamman a iska mai sanyin tafiya, ba kuma za ta sanar da kai ba. Don haka ka tabbata ana iya cire farfelar a sa sabuwa ba tare da an kai wa mai gyara ba, ka kuma sayi ta ajiya tun a odar farko, domin aiko da ita ita kaɗai daga baya zai ci kuɗin da ya fi nata. Ka duba ko tana da murfin da ke rufe farfelar idan ba a aiki.

Game da zafi, takardar Kestrel ta nuna fuskarta da batirinta suna aiki har digiri 55, ana kuma iya ajiye ta har 60. Gaban motar da aka rufe a rana a Sakkwato yana wuce wannan. Kada ka bar ta a can ko da na tsawon sallar Juma'a ne.

Batir ma abin dubawa ne. Wadda ke amfani da batirin AA guda ɗaya ta fi sauƙin sha'ani, tunda ko a shagon unguwa za ka samu idan ta ƙure. Amma kamfanin yana ba da shawarar a sa na litiyom, kuma ina goyon bayansa, domin batirin gama-gari yana tsiyayar da ruwansa cikin zafi ya cinye ƙarfen ciki. Na taɓa buɗe wata bayan damina na tarar da farin gari ya toshe mazaunin batirin gaba ɗaya, ba ta sake tashi ba. Masu batir mai kama da kwabo kuwa, ka sayi ajiya, don ba kowane lokaci ake samun mai kyau ba.

Mataki na 5: Ka tabbatar da haɗin kafin ka biya

Kestrel suna kiran Bluetooth ɗinsu LiNK, kuma ana sayar da 5500 iri biyu, mai shi da marar shi, kamanninsu ɗaya. Wani ɗalibina ya ga farashi ya sauka ya yi murna, sai da kaya suka iso ya gane dalili. Ka karanta sunan samfurin har ƙarshe.

Bayan haka ka sauke manhajar da kake son amfani da ita tun kafin ka sayi na'urar, ka shiga inda ake haɗa na'urori ka ga ko sunan wadda kake nufi yana ciki, domin ba kowace manhaja ke magana da kowace na'ura ba. Ka kashe data ka ga ko manhajar tana buɗewa, tunda filayen harbi a bayan gari suke, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Nisan da ake cewa haɗin yana kaiwa kusan mita 30 ne idan babu abin da ya tare, kuma ya wadatar. Idan daga waje za a aiko maka, ka tambayi mai sayarwa tun farko ko yana aikowa Najeriya da yadda garanti zai yi aiki. Idan ta hannu ce, ka buɗe mazaunin batir ka duba tsatsa, ka hura farfelar a hankali ka ga ko tana juyawa ba tare da ƙara ba.

Mataki na 6: Ka gwada ta a gida

Ranar da ta iso kada ka wuce da ita fili. Ka fara da nauyin iska. Rahoton yanayi na filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, wanda lambarsa ita ce DNSO, yana fitowa a intanet, kuma a cikinsa akwai adadi mai lamba huɗu bayan harafin Q. Wannan nauyi ne da aka mayar da shi matakin teku. Ka cire masa kimanin 35, abin da ya rage ya kamata ya yi kusa da abin da na'urarka ke nunawa a cikin gari. Bambancin biyu ko uku ba komai ba ne, domin unguwanni sun bambanta a tudu, amma idan ya kai goma akwai matsala a na'urar ko a saitinta.

Domin laima, ka zuba gishiri a murfin kwalba, ka ɗiga masa ruwa har ya jiƙe ba tare da ya narke ba, ka sa shi da na'urar cikin mazubi ɗaya ka rufe ruf, ka bar su su kwana. Da safe ya kamata ka ga kusan kashi 75.

Sai kamfas. Ka fita tsakar gida nesa da mota da ƙofar ƙarfe, ka riƙe na'urar a tsaye, ka juya ta a hankali sau uku kamar yadda za ta umarce ka. Duk lokacin da ka canza batir sai ka maimaita, kuma wannan ne abin da kowa ke mantawa. Idan ta nemi layin da garinka yake a taswira, Sakkwato tana kan digiri 13 arewa.

Mataki na 7: Ka raba nauyin iska biyu

Wannan mataki ya fi duk sauran cin mutane, shi ya sa na ware shi. Nauyin iska iri biyu ne: na inda kake tsaye, da wanda aka gyara zuwa matakin teku domin matuƙa jirgi da masu hasashen yanayi. Harsashi na farkon ya sani. A na'ura ana rubuta shi Station Pressure, kuma shi za ka ba manhaja, ka bar gurbin tsayin wuri a sifili. A wasu na'urorin, mayar da tsayin da ake kwatance da shi zuwa sifili shi ne ke sa su nuna wannan nauyin.

Wata rana wani matashi da nake koyarwa ya wuni yana harbi a mita 800, duk harsashinsa yana sauka sama da tsakiya, a wuri ɗaya kuwa, abin da ke nuna hannunsa lafiya lau yake. Ya fara cewa madubin ne ya kwance. Na ce, "Ɗana, miƙo mini wayar." Ina dubawa na ga 1012 a gurbin nauyin iska, ya kwafo daga manhajar hasashen yanayi. Lissafin ya ɗauka iskar ta fi yadda take kauri, ya sa shi ɗaga madubi fiye da kima. Muka mayar da adadin 977, harbi na biyu ya shiga. Ya ce, "Malam, ashe tun safe da lamba nake faɗa." Akasin haka ma yana faruwa: mutum ya shigar da nauyin inda yake, ya kuma ƙara tsayin wuri a manhajar da ke jiran nauyin teku, sai a rage masa sau biyu, harsashi ya riƙa faɗuwa ƙasa.

Mataki na 8: Aiki da ita a fili

Da isarka ka fito da ita daga jaka ka rataye ta a inuwa inda iska ke ratsawa, ka ba ta kamar minti goma sha biyar, musamman idan daga mota mai sanyi ta fito. Idan kana sauri, ka riƙe igiyarta ka wulwula ta a iska na rabin minti har adadin zafin ya daina motsi. Kada ka kwantar da ita a tabarma ko a ƙasa. Na taɓa ganin tawa tana nuna 51 a kan tabarma alhali iskar wurin 42 ce. Idan ta ba ka adadi mai kyau, ka kulle shi a saiti, ka sabunta bayan kowace awa ko idan hadari ya taso.

Wajen auna gudu, ka ɗaga ta sama da kanka ka juya har ka sami inda adadin ya fi yawa, nan ne iskar ta fito. Ka tsaya minti ɗaya ko biyu, ka rubuta matsakaici da mafi ƙarfi, domin iskar hunturu da ke zuwa daga arewa maso gabas tana tafe ne tana hutawa. Wanda ya sami 'yar wutsiyar da ake ɗaura wa na'urar a kan ƙafa uku, wadda ke juya ta da kanta ta fuskanci iska, a nan ne zai ci moriyar Bluetooth, tunda yana kwance a bayan bindiga adadin na zuwa masa. Ka tsayar da ma'auni ɗaya ka zauna a kansa: mita ɗaya a daƙiƙa daidai yake da kilomita 3.6 a awa, ko mil 2.2 a awa, kuma cakuɗa su ya ɓata wa mutane da yawa gasa.

Idan na'urarka ba ta da kamfas, ka ɗauki allon saiti a matsayin ƙarfe 12 na agogo. Iskar ƙarfe 3 da ta 9 ana lissafa ta duka, ta ƙarfe 1, 5, 7 da 11 ana ɗaukar rabinta, ta 2, 4, 8 da 10 kuma ta kusa cika.

Abin da babu na'urar da za ta yi maka shi ne sanin iskar da ke tsakaninka da allo. Inda kake kawai take aunawa, kuma fili mai kwari ko jerin itatuwa a gefe yana iya samun iska iri biyu a lokaci ɗaya. Saboda haka duk lokacin da ka auna, ka ɗaga kai ka dubi tutocin fili da ciyawa da kawalwalniyar da ke rawa a madubi, ka rubuta abin da ka gani kusa da adadin. Harsashi kuma ka rufe shi a inuwa, domin albarushin da ya sha rana yana ƙara gudu, na'urar kuwa ba ta san da wannan ba.

Idan ba ka samu ba tukuna

Wasu wayoyi, irin yawancin iPhone daga samfuri na 6 zuwa sama da manyan Samsung Galaxy, suna da ma'aunin nauyin iska a ciki, kuma nauyin inda kake suke bayarwa idan ka sa manhajar da ke karanta shi kai tsaye. Ka haɗa wannan da ma'aunin zafi na bango da ka rataye a inuwa, ka sa laima kashi 15 a rani ko 70 a tsakiyar damina, ka riga ka samu kaurin iska da ya kusa daidai. Idan wayarka ba ta da shi, 977 ba zai kai ka nesa da gaskiya ba a cikin Sakkwato da kewayenta.

Gudun iska kuwa, wadda kake ji a fuska kawai tana kusan mita biyu a daƙiƙa, wadda ke kaɗa ganyen dogon yaro ba tsayawa kusan uku ce, wadda ke ɗaga ƙura da leda huɗu zuwa biyar, wadda ke lanƙwasa ƙananan itatuwa kuma ta kai shida ko bakwai. Idan akwai mai na'ura a filin, ka riƙa faɗin naka ƙiyasin kafin ka roƙe shi ya nuna maka nasa adadin, ka rubuta duka biyun a shafi ɗaya tare da kwanan wata da lokaci.